Injin Busar da Kaya da Sa Hannun Mutum Arba'in

Ga ta nan, ga ta nanku, masu karatu. Na ji kun ce ta zo ku ji ta. To ku matso, amma yau tatsuniyar a kaina take, ni Kunjamina, da na shekara shida ina wanke manya tas a wannan shafi.

Daminar bana kun gan ta. Kwana goma sha tara rana ba ta leƙo garinmu ba, ruwa ke ta zuba daga teku ba dare ba rana. Shanya ta gagara. Abin da ya rufa mana asiri shi ne injin busar da kaya da 'yata Sulekha ta aiko daga Maskat, can ƙasar Larabawa, inda take aikin jinya. Ran Talata na zuba masa fararen zannuwan ɗaurawa na maigidana Biran (mu nan garin maza zane suke ɗaurawa), na danna. Ya yi awa guda yana juyawa. Na buɗe, kaya jiƙe sharkaf, cikinsa sanyi kamar randa. A goshinsa kuma ga wani jan rubutu: E3.

Biran ya sa tabarau ya buɗe littafin injin. "E3, babu zafi. Na ɗaya, a duba ƙarfin wutar gida. Na biyu..."

"Tsaya nan, Malam. Na ɗayan ya ishe ni."

"Akwai na biyu da na uku fa."

"Ajiye su, sa yi amfani wata rana."

Kada ku ga laifina. Mai Girma Wakilin Unguwa, Allah Ya ƙara wa motarsa tsawo, zaɓe uku ke nan yana yi mana alkawarin sabuwar taransifoma. Zaɓen farko ya kafa dutsen harsashi. Na biyu ya sa aka yi wa dutsen fenti. Na uku ya naɗa kwamiti ya zo ya duba fentin. Mu kuwa fankarmu juyawa take kamar mai neman a tausaya mata.

Na ɗauki lema na bi gida-gida da takardar koke zuwa ga Mai Girma. Maƙwabciyata Kalyani ta riƙe biro tana kallona.

"Yaya, ni fa firjina lafiyarsa ƙalau."

"Sa hannu saboda gobe."

"Kin tabbata ba ke kika yi wa injin wani abu ba? Ke da kika taɓa goge talabijin da man kwakwa?"

"Ya yi ƙyalli ko bai yi ba? Sa hannu!"

Mutum arba'in suka sa hannu, wasu da babban yatsa, duk a kan maganata. A saman takarda na rubuta cewa rashin wuta ya kashe injina, kuma duk mai musu ya zo ya gani. Na rubuta haka ne don na san koke a ofis ba ya tashi daga inda aka ajiye shi. Na manta saura wata biyu zaɓe.

Ran Asabar sai ga motoci uku a ƙofar gida. Mai Girma ya fito, wani na riƙe masa lema, wani na ɗaukar hoto, a baya kuma wani tsohon mai gyaran wuta, Damodaran, da fensir a bayan kunne. 'Yan unguwa suka cika baranda. Na yi jawabi, jama'a, jawabin da ni kaina na kusa yin kuka.

Damodaran ya wuce wurin injin. Ya cusa ma'auninsa a soket ya ce, "Wuta cike take."

"Yau mana," na ce, "tunda an san baƙo zai zo."

Aka yi mini tafi. Da na san shi ne tafin ƙarshe, da na roƙa a daɗe ana yi.

Ya kunna injin, ya sa tafin hannunsa inda iska ke fita. Ya girgiza kai. "Inna, yaushe rabon da ki wanke rariyar?"

"Wace rariya?"

Ya buɗe ƙofa ya ja wani abu daga ƙasa, abin ya ƙi fitowa. Sai da aka kawo wuƙar kicin. Ya ɓamɓaro wani farin faifai mai kauri, busasshe ƙamas, ya kai hanci ya sansana.

"Wannan ai shinkafa ce."

'Yan baranda duk suka juyo suna kallona.

To, ku da kanku kun sani, farin zane da ba a tsoma shi a ruwan tacen shinkafa ba, ai tsumma ne. Haka uwata ta koya mini: namiji ya ɗaura zane ya tsaya ƙyam, a ji ƙararsa in ya taka. Kuma ba a matsewa, in ka matse sitacin ya gudu. Shekara guda ke nan ina tsomawa ina jefawa cikin injin yana ɗiga.

Damodaran ya yi bayani a hankali, kamar mai gaisuwar mutuwa. Sitaci da gashin zane sun haɗu sun toshe rariya, iska ta rasa hanya, zafi ya taru. A bayan injin akwai ɗan makunni da ke yanke zafin don kada gida ya kama da wuta, shi ne ya yanke. Ya wanke rariyar, ya kwance murfin baya, ya danna wani jan maɓalli da fensirinsa, ƙas. Minti goma, iska mai ɗumi ta fara busowa.

"Shi ne na biyun a littafin," in ji Biran, yana kallon silin.

Kalyani ta leƙa faifan ta ce, "Yaya, a kawo miyar kifi ne, ko haka za mu ci wainar?"

Na sunkuyar da kai ina jiran Mai Girma ya yi mini tatas. Ashe ban san manya ba. Ya karɓi faifan ya ɗaga sama, aka ɗauki hoto. Ya shaida wa jama'a cewa ofishinsa ya magance matsalar wutar unguwar nan cikin minti goma. Ya zaro biro ya rubuta "An magance" a kan kokenmu, da sa hannun mutum arba'in a ƙasa kamar shaidu. Ya sha shayina kofi biyu, ya ce sukari ya yi kaɗan.

Ga yadda aka ƙare. Mai Girma ya fito a jarida riƙe da wainata. Damodaran ya koma gida a ƙafa, don motocin sun tafi sun manta da shi. Kalyani ta kai labarin har kasuwar kifi. Biran na zuwa masallaci da zane laƙwas, bai yi ƙorafi ba, amma yana tafiya a raɓe. 'Yan unguwa sun fara sabon koke, sun kuma yanke shawara baki ɗaya cewa ni aikina a ciki dafa shayi ne.