Na Ɗaya a Shekarar Apolo

Ko ƙasa ta rufe idona ba zan taɓa mantawa ba da abin da Rifkatu ta yi min a taron tsofaffin ɗaliban ajinmu.

Ni mai walda ne a nan Keffi, a aji uku na bar sakandare. Amma shekara talatin ina faɗa wa kowa cewa ni ne ƙwaƙwalwar ajinmu, talauci ne kawai ya tare ni. Matata ta haddace labarin, 'ya'yana kuwa da shi nake zaginsu in sun kawo sakamako. In wani mai digiri ya tsaya yana min tsawa a kan ƙofar gidansa, sai in ce a raina, yi ta yi, da na samu hanya kai za ka riƙe min jaka. Da wannan nake cin tuwo.

Shi ya sa da aka kira taron na saka babbar riga, na ce matata, Maman Sadiya, ta shirya ta raka ni (wai don ta ga yadda manya za su miƙe min).

Aka ce kowa ya tashi ya gabatar da kansa. Wannan darakta, wancan lauya. Da layi ya zo kaina na karɓi makirfo na ce, "Ba sai na faɗi aikina ba. Kun dai san wanda yake zuwa na ɗaya a ajin nan."



Sai Rifkatu, 'yar Garaku, wadda yanzu take koyarwa a jami'a, ta tafa hannu tana dariya. "Kai, ɗan ajinmu, na tuna! Lokacin da apolo ya kama makaranta ko? Duk muna gida ido a kumbure, ku bakwai kuka rubuta jarrabawar."

Wani mai ƙaton ciki ya ce, "Shida ne, Dokta. Ni na yi barci a ciki!"

Zauren ya ɗauka, har da masu buga tebur. Ina tsaye da makirfo kamar mai tallansa. Wa ya tambaye ta? Abin da ya fi ƙona min rai, ba da mugunta ta faɗa ba, kuma gaskiya ne. Sau ɗayan nan ne na taɓa zuwa na ɗaya. Sauran zangunan ina can wajen na ashirin, ni da kaina na binne su har na manta inda kabarin yake.

A Keke Napep, muna wuce kasuwa Maman Sadiya ta taɓa ni.

"Baban Sadiya, su shidan nan dai ka kayar da su ko?"

"Biyar," na ce. "Ni ne cikon na shidan."

Ta juya tana kallon titi, kafaɗunta na rawa.

Yanzu in yara sun kawo sakamako sai in ce Allah ya ƙara basira. Darasin da na koya shi ne, kafin ka gina kanka a kan labari, ka fara bincika ko shaidu suna da rai. Nawa duk suna nan, har da fansho.