La'asar a Kan Zanen Bajamushe

Ba zan taɓa mantawa ba da wata la'asar da na yi a garin Xintang na ƙasar Sin, shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik. Biza ta yi wuya, tawa saura ƙiris ta ƙare, ga rigunan da zan kai kasuwar Kwari ba a buga musu zane ba. Duk shagon da na shiga sai a ce meyo, wato babu. Wani dattijo ne kaɗai, Laoban muke ce masa, ya yarda zai buga mini. In ya fasa, sai in koma Kano hannu Rabbana.

Ina jiransa a shagonsa lokacin salla ya yi. Ilu, ɗan Maraɗin da ke mini tafinta, ya fita sayen ruwa. Ƙasa duk dauɗar fenti, ni kuma ban zo da darduma ba. Sai na hango wata faffaɗar takarda mai kauri a kan tebur, ja nan, shuɗi can, baƙin layi ya ratsa su. Ba hoton mutum, ba na dabba. Na ce ai ta gwajin kala ce, shara za ta. (Ni da ban gama firamare ba, ranar na zama masani.) Na shimfiɗa ta a lungu, na ta da kabbara.

Ina sallamewa na ga Laoban tsaye riƙe da firam ɗin da zai saka takardar a ciki. Ilu na bayansa, ya dafe kai.

"Alhaji, ka kashe mu! Aikin wani babban mai zane ne na Jamus, na bayan yaƙin duniya. Da hannu aka buga shi, kala bayan kala, 'yan ƙalilan ne a duniya. Har can Laoban ya je ya sayo. Ga sa hannun mutumin nan ƙarƙashin dunduniyarka."

"Wannan jagwalgwalon?"

"Don Allah rufe mana baki!"

Laoban ya ɗauki takardar, ya shafa inda gwiwata ta lotsa ta, ya yi magana a hankali. Ilu ya fassara: wai tun ina raka'ar farko ya shigo, amma ba zai ta da mutum daga gaban Ubangijinsa saboda takarda ba.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Bai nemi komai a hannuna ba. Shayi ma ya zuba mini, kuma ya buga rigunan a kan lokaci. Har yau ina yi wa bawan Allahn nan fatan alheri.

Yanzu in na ga abu kamar shirme an lallaɓa shi a kan tebur mai tsabta, na san shirmen a kaina yake.