Dalilin da Ilmari Ya Ba Linta

"...lafiya lau, tunda ba ka daskare a hanya ba. Ina maɓallin nawa?"

Tarbar da tsoho Veikko ya yi wa jikansa Ilmari ke nan, ko takalmi bai bari ya cire ba. Yau ake buɗe rajistar kama layin shiga sauna, ɗakin wankan tururi na benensu, a intanet, ga maƙwabcinsa Rautio ya daɗe yana haƙon yammacin Asabar, lokacin da Veikko da marigayiya matarsa suka saba shiga tun gashinsu yana baƙi. Hannun tsoho rawa yake yi, kafin ya cike sunansa an riga shi. Shi ya sa Ilmari, mai sana'ar rubuta manhaja, ya yi masa alkawarin ɗan maɓalli a saman burauza, danna ɗaya ya cike komai.

"Yana nan, Kaka. Linta ce ta hana."

"Wace ce kuma Linta? Har ka samu mai kula ka?"

"Manhaja ce mai duba rubutuna. Ta ce adireshin da ya fara da javascript haɗari ne, ba zai wuce ba."

"A kwamfutar wa take?"

"Tawa."

"Wa ya saka ta?"

"Ni."

"Wato ka sayo kare ka ɗaure a ƙofarka, yanzu kana kwana a waje. Kashe ta."

"Ba a kashewa. Ƙa'ida ce."

"Ƙa'ida! Kai ne fa kake jiran koriyar wuta a titin da ko kurege ba ya bi."

"Gado na yi. Wane tsoho ne ya kai ƙarar kansa wurin mai kula da bene don ya ɗan wuce lokacinsa a injin wanki?"

Veikko ya yi kamar bai ji ba. Idonsa na kan agogo, lokacin buɗe rajista ya ƙarato.

"Akwai hanya," in ji Ilmari. "Zan rubuta mata ta kau da kai daga layi ɗaya. Sai dai ba ta yarda sai an ba ta dalili."

"Rubuta mata: dattijo mai mutunci."

"Ba ta karɓar ƙarya."

Ilmari ya ɗan buga wani abu, jan layin gargaɗin Linta ya ɓace. Veikko ya danna maɓallin, sai ga sunansa a Asabar. Ya daɗe yana kallon sunan, guda ɗaya tak a gurbin da a da sunaye biyu ne. Can ya gyara tabarau ya leƙa dalilin da jikan ya rubuta: *Kakana ya fara wari.*

"Kuma ta yarda?"

"Ko musu ba ta yi ba."

Tsoho ya tuntsire da dariya har da tari. Ya buɗe firiza ya ciro damin ganyen da ake bugun jiki da shi a sauna, ya wurga wa Ilmari.

"Asabar ka zo, ɗan nema. Kai ma ba turare kake yi ba. Kuma bencin saunan nan ya yi wa mutum ɗaya faɗi."