Bindigar Da Ke Jin Kunyar Laya

Wani ne a Falanko ta ƙasar Damargu, saurayi dogo mai yawan murmushi ba dalili. Allah ya ɗora masa son wata yarinya, Raishatu, ƴar Mailafiya mai fataucin hatsi. In ta wuce zuwa rijiya, sai ya tsaya da hauya a hannu har ta ɓace. Ita ma ba ta ƙi shi ba, don kullum tulunta ba ya yi mata nauyi sai daidai gonarsa, ta sauke ta gyara gammo.

To, shi Mailafiya ya faɗa a tsakiyar kasuwa kowa ya ji: ba zai ba da ƴarsa ba sai ga wanda zai iya raka raƙuman hatsinsa arewa, ya tsare su daga ƴan fashi. Mutumin namu kuwa, ban da hauya da sandar korar awaki, ba shi da wani makami.

Lokacin ba a daɗe da yaƙin Agadas ba, sojan Faransa masu raƙuma na ƙwace duk bindigar da suka gani. Sai a ɓoye ake cinikinta. Ran kasuwar Gangara ya ja ragonsa ya tafi wajen wani dillali, Barmo. Barmo ya kai shi bayan rumfa, ya duba gabas ya duba yamma, ya cusa hannu cikin buhun dabino ya zaro wata ƴar bindiga, irin da ake kira libarba. Duk ta yi danƙo, tururuwa na fita daga bakinta.

"Malam Barmo, mai kyau ce?"

"Mai kyau? Samari, daga bayan teku ta zo. Ɗauka ka ji nauyi."

Ya ɗauka. "Da nauyi kam."

"Shinshina."

"Ƙanshin dabino take."

"Ka ji ko! Ta banza warin tsatsa take yi. Ka ga wannan rubutun a gefe? Sunan sarkin maƙeran Turai ne, da hannunsa ya sa."

"To a gwada mana."

"A nan? Kana son a ɗaure mu? Ka tafi daji ka gwada. Amma bari in faɗa maka sirrinta. Bindigar kirki tana da kunya, ba ta cin abin da ke da laya. In ka ja kunama ka ji ƙas, kada ka zage ta. Abin da ka auna ne ya sha magani."

Mutumin ya bar rago, ya soke bindiga a ƙugu, ya kama hanyar gida yana tafiya kamar jikan sarki.

Da ya yi nisa da gari, ya ga wata aduwa. Ya gyara tsayuwa, ya rufe ido ɗaya, ya ja. Ƙas! Ya sake ja. Ƙas! Ya ɗaga kai, sai ga wani tsumma a maƙale a reshe.

"Af! Ashe da masu gida a ciki." Ya tuɓe takalmi ya rusuna. "Ku gafarce ni, ban san kuna nan ba."

Can gaba ya ci karo da zabo yana tono. Ya auna shi. Ƙas! Zabon ya ɗago ya dube shi, ya ci gaba da tononsa.

"Kai ma? Wa ya rubuta maka?" Ya matsa ya leƙa da kyau, ya ga ɗigo-ɗigo fari tun daga wuya har wutsiya. Ya girgiza kai. "Wannan ba sha ya yi ba, wanka ya yi da shi."

Ya isa gida ya nemi abokinsa Manzo. Shi Manzo yana da wasu layu da ya gada wajen kakansa, kullum yana cika baki wai harsashi in ya gan su ruwa yake zama.

"Manzo, zo ka tsaya can in gwada ka."

"Ni? Uwata ta hana ni tsayuwa a rana. Amma ga rigata."

Suka kafa sanda, suka rataya rigar Manzo da layun a wuyanta. Mutumin ya ja. Ƙas!

Manzo ya yi tsalle. "Kakana! Allah ya jiƙan kakana!"

Shi ma ya yi tsalle. "Barmo! Allah ya yi wa Barmo albarka!"

Suka rungume juna. Da suka huce, Manzo ya ce, "To cire layun ka harbi rigar kaɗai mu gani." Aka cire. Ƙas!

Manzo ya ɗauki rigar ya shinshina.

"Ƙarfinsu ya riga ya shiga zaren."

"Shi ne," in ji mutumin. "Ni ma abin da na ce ke nan a raina."

Kafin mako ya zagayo ya gwada ta a kan suri, da tsohon turmi, da kabewar maƙwabta. Duk ƙas. Ya koma yana tafiya a hankali cikin gari, yana gaida kowane dutse, don bai taɓa sanin ƙasar Damargu ta dafu haka ba.

Ran Juma'a da hantsi ya wanke babban wandonsa mai hantsa har gwiwa, ya soke bindiga a mazagi, Manzo ya raka shi gaida Mailafiya. Tsohon na zaune a kan buzu a ƙofar gida. Bayan zana kuwa ana jin daka, amma da suka yi sallama taɓarya ta tsaya.

"An ce ka yi makami," in ji Mailafiya.

"Na yi, Baba. Ta bayan teku."

"Me ka taɓa kashewa da ita?"

"Tukuna dai, Baba. Duk abin da na auna sai in tarar ya shirya."

"Har kabewa," in ji Manzo, yana taya shi.

Mutumin ya tuna bai gaida suruki yadda ya kamata ba, sai ya tattara riga ya durƙusa da ƙarfi.

Tau!

Kaji suka watse. Jaki ya tsinke igiya. Manzo, mai layun kaka, ya tsallake danga bai taɓa ta ba. Da hayaƙi ya lafa, sai ga mutumin a durƙushe yadda yake. Harsashi ya tsinke mazagi, ya huda hantsar wando, ya ɗebe masa fatar babban yatsan ƙafa, ya nutse a ƙasa. Wando na ci da wuta kaɗan-kaɗan, shi kuwa fuskarsa fal murna.

"Baba, ka ji ta ko? Ka ji murya!"

Mailafiya ya leƙo daga bayan buzun da ya kare kansa da shi. "Wannan ce za ka tsare mini raƙuma da ita?"

"Ai ba laifinta ba ne, Baba. Yanzu na gane. Duk faɗin Damargu, ni kaɗai ne ba ni da laya."

Tsohon ya buɗe baki zai yi magana, sai aka ji muryar Raishatu daga bayan zana, wai da uwarta take, amma har bakin rijiya an ji ta.

"Inna, ki ce wa Baba ya nemi wani ya tsare masa raƙuma. Wannan a ba ni shi in tsare, in ba haka ba bindigar nan ba za ta bar shi ya ga kakar bana ba."