Ranar da Na Tura Moto zuwa Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na je gaisuwar surukai a Djougou ba, ko da zan so mantawa ma matata ba za ta bar ni ba.

Lokacin ina aikin rubuta kaya a tashar manyan motoci kusa da Gare, wato tashar jirgin ƙasa, a nan Parakou, kuma ina neman auren Rakiya. Babanta Alhaji ne mai fataucin goro, mutum mara son surutu. Ya aiko cewa in zo bayan sallar Juma'a ya gan ni, domin da la'asar zai yi tafiya, kuma akwai wani ɗan abokinsa da shi ma ya nuna yana ciki. Wato dai ko in burge shi ranar, ko in ji labarin bikin a bakin mutane.

To ni da ko keke ba ni da shi, sai na ce ai ba za a gan ni ina saukowa daga taksi an matse ni kamar buhun gawayi ba. Na tafi unguwar Ladjifarani wurin abokina Sabi'u na ari motonsa, wato babur, irin mai dogon tanki ɗin nan. Yana miƙo mini makulli ya fara bayani, wai allurar esansi, mai nuna yawan fetur, ta mutu, in na ji injin ya fara tari in sunkuya in… Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ce masa ni zai koya wa moto? (Gaskiyar magana, ƙaramin moton yayana kawai na taɓa hawa, shi ma iyakata kasuwa.) Da yammar nan na zaga unguwar Albarika sau uku don kowa ya gan ni, ban tsaya wurin mai esansi ko sau ɗaya ba.

Washegari na sa farar shadda, na ɗaure tsaraba a baya, na kama hanya ina jin kaina. Tafiya lafiya lau, har saura kamar kilomita huɗu in shiga gari. Sai moto ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.

Na buga, ya ƙi. Na sake bugawa har takalmina ya fice. Na girgiza tanki, na kara kunne, na ji esansi na motsi a ciki ƙarara. Nan na yanke hukunci irin na manyan masana: ba mai ba ne, inji ne. Na naɗe hannun riga na fara turawa. Wata mai sayar da esansi a kwalabe ta ƙwala mini kira daga rumfarta, na ɗaga mata hannu na ce akwai mai. Ta biyu ma haka. Na wuce su da girmana, rana na dukana, shadda ta manne mini a baya.

Ko da na isa an daɗe da saukowa daga masallaci. Alhaji na zaune a ƙofar gida da ƙannensa biyu, jakarsa a gefe, direba na jira. Na jingine moto, na durƙusa na gaishe su ina haki. Maimakon in yi shiru, sai bakina ya ɗauke ni. Na ce shekara biyu ina hawan moton nan bai taɓa yi mini haka ba, na zargi buji, wato fulogi, na zargi karbureta, har na zargi masu gyaran Parakou baki ɗaya da rashin tsoron Allah.

Ana cikin haka kakar Rakiya ta fito daga zaure tana dogara sanda. Tsohuwa ce da ta ƙarar da ƙarfinta a bayan moto tana bin kasuwannin ƙauye da kwandon goro. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce yau ga mijinta ya zo mata a jiƙe. Sai ta zagaya moton, ta sunkuya, ta sa yatsu biyu ƙarƙashin tanki ta murɗa wani ɗan ƙarfe da ban taɓa lura da shi ba.

"Buga, maigida," in ji ta.

Bugu ɗaya ya tashi. Wallahi har da ƙara, kamar yana yi mini dariya.

Ta yi bayani a hankali, yadda ake yi wa mai koyo. Wannan shi ne rezab. Ana ɓoye ɗan mai a gindin tanki don in na sama ya ƙare ya zama gargaɗi, ka murɗa, ya kai ka wurin mai kwalba. Shi na ji yana motsi. Ta ƙara da cewa ko akuyar gidan ta san wannan. Ta can cikin zaure na jiyo dariyar da na sani sarai, ana ƙoƙarin danne ta da mayafi.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Moton wane ne?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sunkuyar da kai na ce na Sabi'u ne, jiya na aro.

Ya tambayi daga inda na turo shi, na faɗa. Ya dubi moton, ya dube ni, har na fara yi wa Rakiya ban kwana a zuciyata. Can ya ce wa ƙannensa, ƙarya dai na yi ta, kuma ban iya ta ba, wannan ma wani abin yabo ne. Amma mutumin da zai turo kayan aro cikin wannan rana bai yar da shi a bakin hanya ba, ana iya ba shi amana. Ya ce in turo manyana idan ya dawo, ya miƙe ya shiga mota.

Yau shekararmu shida da 'ya'ya biyu, kuma na sayi moto nawa na kaina. Har yanzu in muka je Djougou tsohuwa kan tambaye ni ko turowa na yi. Abin da na koya bai da yawa: in mai abu yana maka bayani, ka bar shi ya kai ƙarshen maganarsa, in kuwa za ka yi ƙarya a kan moto, ka fara tambaya ko akwai tsohuwa a gidan.