Yadda Za Ka Nutsar Da Birnin Wadannin Yayarka

Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari wata guda ya ishe ka ka gama da aikin shekara huɗu. Ni injiniyan ruwa ne a birnin Oulu, kuma na gwada da hannuna.

1. Ka samu birnin da ba kai ka gina ba

Ni da yayata Tuulikki da mijinta Veikko wasan kwamfuta ɗaya muke yi, na haƙa wa wadanni birni a cikin dutse. Karɓa-karɓa ne, kowa ya yi nasa ya tura wa na gaba. Ita ta kafa shi, ta kai shi wadanni ɗari da tamanin, ta san kowa da sunansa. Da za ta miƙo mini ta ce, "Ɗakunan kwana kawai za ka ƙara. Kar ka taɓa kogin."

Ka ce, "Haba Yaya." Sai ka nufi kogin.

2. Ka raina tsarin da ka tarar

Lungunanta a karkace suke, amma suna aiki. Kar wannan ya ruɗe ka. Ka zana naka a takarda, da rula. Ka saukar da ɗakin cin abinci can ƙasan komai, ka janyo kogi ya riƙa zubowa ta rufinsa don wadanni su sha kallo.

3. Magudana sai daga baya

Ƙwararre ba ya gaggawar nema wa ruwa mafita.

4. Kar ka rubuta wa makunni suna

Na kafa guda uku a jere: ɗaya na rufe ƙofar kogi, ɗaya na buɗe ta, ɗaya na ɗaga gada. Da ruwa ya kai wa wadanni ƙugu, na aika a ja na farko, a zatona shi ne na rufewa. Gada ta ɗaga, hanyar fita ta toshe. Na zauna ina kallo, kofina ya huce.

5. Ka faɗa a gaban shaidu

Na bari sai ranar Lahadi, muna shan miyar kifi a gidan Mama.

"Nawa suka rage?" in ji Tuulikki.

"Biyu. Da akuya."

Veikko ya ƙware da dariya. "Maigida, kai ne fa aka damƙa wa bututun garin nan!"

Mama ta ajiye cokali. "Su wa suka mutu?"

Ita Tuulikki ba ta yi faɗa ba. Sunan wadan da ke mata ƙira kawai ta ambata, wanda ta yi renonsa tun yana jariri, na girgiza kai. Ta tashi ta wanke kwanonta. Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da alhakin abin da zai shiga tsakaninka da danginka. Bayan sati uku Tuulikki ta sake magana da ni, har ta buɗe mini sabon wasa a tsakiyar hamada, inda babu ko ɗigon ruwan da zan yi ɓarna da shi. Wadanni bakwai ta ba ni. In ka gamu da ita, kar ka gaya mata ƙishirwa ta kashe su.