Gwajin Jijiyar Ɓeraye Ba Wuta

Wani ne daga ƙauyen Miga, noma ya ishe shi, Allah ya sa aka ɗauke shi aikin shara a wani ɗakin bincike a Dutse. Ɗaukar gwaji ce, in ya yi kyau a tabbatar da shi, in ya kwafsa ya koma gona.

Ran farko ya shiga sai ga fararen ɓeraye cikin keji, ana ba su gyaɗa, fanka na kaɗa musu iska. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin ɓera da muciya a gindin rumbu! Ya riƙe baki, ya dubi Likitan da ke kula da ɗakin.

"Ranka ya daɗe, waɗannan kuma 'ya'yan wane ne?"

Likita ya ce, "Na bincike ne. Na kejin hagu ciwon suga ya taɓa musu jijiya, wata uku ke nan ina aiki a kansu. Na dama lafiyarsu ƙalau."

Likita ya ɗauko ɗaya, ya yi masa allurar barci, ya maƙala masa 'yan wayoyi a ƙafa, ya danna na'ura. Ɓera na sharar barci, ƙafa ta yi zillo. Gogan naka ya yar da tsintsiya.

"A'uzu billahi! Mutanen ɓoye ne! Bari in kira mai ruƙiyya, akwai wani a Limawa, aljani ko na gado ne sai ya fita."

"Kai, wuta ce! Saurin saƙo a jijiya nake aunawa. Ƙafar mai lafiya tana amsawa da wuri, ta mara lafiya sai ta yi nawa."

"Au, ashe tsere ne?"

"Kusan haka," in ji Likita, don ya rabu da shi.

Ana nan, ana gobe manya za su zo daga Kano ganin sakamako, aka ɗauke wuta. Janareto ba mai, gari kuma ana wahalar fetur. Likita ya ɗauki jarka zai tafi bin layi, ya ce, "Ka kula da su. In gwajin nan bai kammala ba, ni da kai duk mun shiga uku."

Hankalin mutumin ya tashi, shi dai ba ya son komawa gona. Ya ce a ransa, tsere ne fa, har sai da wuta? Ya garzaya wurin Iya Gaji mai ƙosai.

"Iya, a ara mini kyanwar nan, kamar yadda ake ara wa mai rumbu."

"Ɗauki, ɗan nan. Dama tun jiya ba ta ci komai ba."

Ya dawo ya rufe ƙofa, ya buɗe kejin hagu da na dama, ya ce bismillah, ya saki kyanwa. Masu lafiya suka haye labule kamar walƙiya. Masu ciwon suga kuwa, Allah sarki, suna jan ƙafa.

Bayan la'asar Likita ya dawo da jarka. Ɓeraye a saman labule, kyanwa kwance kan na'ura, ciki ya yi tim, tana lasar baki.

"Inna lillahi! Ina marasa lafiyan?"

"An kammala gwaji, ranka ya daɗe. Duk wanda ka gani a sama, jijiyarsa garau take."

"Ka kashe ni! Aikin wata uku! Fita, na kore ka!"

Mutumin ya gyara hula ya ce, "Haba Likita! Wata uku kana fama ba ka warkar da ko ɗaya ba. Yanzu duba ɗakin nan da kyau, akwai sauran mara lafiya?"